Tantance marasa lafiya a jirgin asibiti: wa zai iya kallon mutum ya ce masa a'a?

Nas Bilkisu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar manya nake nema. Na daɗe ina aiki a ɗakin jinyar waɗanda aka yi wa tiyata, yanzu kuma zuciyata ta karkata ga aikin sa kai a jirgin ruwan asibiti, irin na Mercy Ships da ke yada zango a tashoshin Afirka yana yi wa mutane tiyata kyauta. Gurbin da ya fi jan hankalina shi ne na masu tantancewa, waɗanda ke fara ganin mara lafiya su duba ko larurarsa tana cikin abin da jirgin zai iya yi. Wata abokiyar aikina ta ce in nemi ɗakin jinya kawai, wai tantancewa ba aikin mai taushin zuciya ba ne. Don Allah wanda ya san aikin ya faɗa mini gaskiya.

Anti Rakiya:
Wa alaikumus salam Bilkisu. Na yi aikin, bari in ba ki abin da na gani da idona. Abu na farko da za ki sa a ranki shi ne waɗanda za ki mayar gida sun fi waɗanda za ki ba kati yawa, nesa ba kusa ba. Ba mugunta ke kawo haka ba, lissafi ne. Jirgin yakan zauna kimanin wata 10 a ƙasa guda. Jirginsu mai suna Africa Mercy ɗakunan tiyata 5 gare shi, Global Mercy, wanda ya fi shi girma, 6 da gadaje wajen 200. Su kuma likitocin fiɗa ba zaune suke a jirgin duk shekara ba, yawancinsu makonni suke yi su koma ƙasashensu. Yau mai gyaran ƙashin yara yana nan, an jima ya tafi mai aikin ƙuna ya zo. Saboda haka guraben kowane fanni a ƙididdige suke tun kafin ki buɗe baki ki gaisa da mara lafiya na farko.

Abin da ake ɗauka kuwa sananne ne: ƙarin fuska da muƙamuƙi wanda ba daji ba, tsagewar leɓe da ganɗa, ɓarnar da ciwon noma (mai cin naman baki da kumatu) ya bari a fuska, maƙoƙo, ƙaba, gaɓar da tabon ƙuna ya ɗaure, yanar ido, ƙafar baka da gwame a yara, sai kuma yoyon fitsari idan masu aikinsa suna cikin tsarin wannan shekarar. Amma mutanen da ke layi ba su karanta wannan jerin ba. Sun dai ji an ce asibiti ya zo a kan ruwa, kuma kyauta ne. Mai ciwon suga zai zo, mai shanyewar ɓarin jiki zai zo, mai ciwon kan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa zai zo. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce uwar da ke goyo da yaro babba, wanda ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haihuwa, ba ya zama ba ya tsayuwa. Ta ji an ce jirgin yana miƙe ƙafafun yara, ta yi tafiyar kwana da kwanaki da shi a baya. Ƙafarsa ba ita ce matsalar ba, kuma babu wuƙar da za ta gyara abin da ke damunsa. Ke za ki gaya mata, ba wani ba.

Ban yarda da abokiyarki cewa mai taushin zuciya ba zai iya ba. Mai busasshiyar zuciya ne ma bai kamata a ba shi aikin ba. Sharaɗin kawai kada taushin ya kai ki ga yin ƙarya don ki samu sauƙi a ranki.

Dokta Aminu:
Anti ta yi bayani, ni zan ƙara daga ɓangarenmu na masu ba da maganin barci. Mutane suna ɗauka amsa biyu ce, i ko a'a. A aikace akwai ta uku, wato ba yanzu ba, kuma a nan gwanintar mai tantancewa take fitowa.

Jaririn da aka haifa da tsagewar ganɗa ba ya iya tsotson nono da kyau, sai ki same shi a rame. Idan aka kwantar da shi a haka, ko dai ya kasa jure maganin barci ko ɗinkin ya ƙi kamawa. Sai an sa shi a shirin ciyarwa, ana auna nauyinsa har ya kai. Mai maƙoƙo sai an gwada jininta an ga yadda ƙwayar wuyan da ta kumbura ke aiki, idan tana zubar da sinadari fiye da kima sai an daidaita da magani tukuna, in ba haka ba zuciya na iya rikicewa ana tsakiyar aiki. Haka mai hawan jini, mai ƙarancin jini, mai tarin da ake zargin na fuka ne, da mace mai ciki. Sannan ƙarin da ya cika baki ko ya danne maƙogwaro, tambayata ta farko ita ce ta ina zan bi in sa bututun numfashi. Idan kin ji mutum yana numfashi da ƙara, ko ya ce miki ba ya iya kwanciya rigingine, wannan ba na jiran layi ba ne, a sanar da likita nan take.

Shi ya sa katin da kike bayarwa a wurin tantancewa ba alkawarin tiyata ba ne. Gayyata ce zuwa mataki na gaba: hoton CT (mai nuna cikin jiki) a cikin jirgi, yankar ɗan nama a gwada, sannan likitan fiɗa ya gani da kansa. Idan gwaji ya nuna daji ne da ya yaɗu, yawanci ba a taɓawa, domin jirgin ba ya ba da maganin daji na ƙarin ruwa ko na gasawa da na'ura, kuma yanke irin wannan ƙari ba tare da su ba ƙara wa mutum wahala ne.

Akwai kuma batun lokaci. Yaron da aka gyara wa ƙashi zai yi watanni tsakanin filasta da koyon tafiya, don haka irin aikinsa ba a barinsa zuwa dab da tashin jirgi. Mutum zai iya cancanta ta kowace fuska amma ya zo a makare.

Malam Habu:
Ku yi haƙuri, ni zan zo da maganar da ba za ta yi daɗi ba. A 2015 kwamitin mujallar likitanci ta Lancet kan tiyata a duniya ya ce mutum biliyan 5 ba sa samun tiyata mai aminci da za su iya biya a lokacin da suke bukata, kuma ana bukatar ƙarin tiyata miliyan 143 duk shekara a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Mercy Ships tun 1978 take aiki, kuma a ƙididdigarta ta yi tiyata sama da 100,000. Ban raina ko guda ba, kowane ɗaya rai ne. Amma ku ɗora wannan kusa da wancan.

Abin da ya fi damuna shi ne tiyatar da ta fi ceton rai ba ta jiran jirgi. Matar da haihuwa ta gagara, mutumin da hanjinsa ya fashe, wanda ƙashinsa ya karye ya fito waje, waɗannan ukun da su kwamitin yake auna asibiti, kuma ya ce a samu isa gare su cikin awa 2. Jirgi ba ya yin wannan. Ke Bilkisu, asibitin da za ki bari shi ke yi. Idan ƙwararriyar nas ta tafi, wa zai tsaya a gurbinta?

Nas Bilkisu:
Malam Habu, na ji maganarka kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Hutun da ba albashi zan nema, ba ajiye aiki ba. Amma tambayarka tana nan, zan kai ta ga shugabar sashenmu kafin in sa hannu a komai.

Dokta Aminu:
Malam Habu, lissafinka daidai ne, inda muka rabu shi ne abin da ka gina a kansa. Ƙarin muƙamuƙin da ya shekara goma yana girma, sai an cire ƙashi an sake gina fuska, ana bukatar jini da yawa da ɗakin kulawa ta musamman. A jirgin ma'aikatan ne da kansu ke ba da jinin, a kira mutum daga kicin ko ɗakin inji ya miƙa hannu. Ƙaramin asibiti, ko an ninka ma'aikatansa, ba zai yi wannan aikin bana ba, mai ƙarin kuma a hankali numfashinsa ke toshewa. Sa'annan suna horar da likitoci da nas-nas na ƙasar da suka sauka, har da koyar da amfani da takardar binciken amincin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Ko horon yana ɗorewa bayan an tafi, wannan tambaya ce da ya dace a riƙa yi musu da ma'aikatun lafiya duka.

Malam Habu:
To a nan ne nake so a tsaya. Ranar da jirgi ya ɗaga, wanda ɗinkinsa ya buɗe wajen wa zai je? A yi tantancewa da wannan a rai, kada a ɗauki aikin da ba wanda zai iya bibiyarsa a ƙasa.

Maman Ummi:
Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma na taɓa tsayawa a irin wannan layin, ba na jirgi ba, na wasu masu tiyatar agaji da suka zo na ɗan lokaci. 'Yata ce ba lafiya. Wanda ya duba ta ya ga abin ba nasu ba ne, na gani a fuskarsa, amma sai ya ce mu bar lambar waya za a kira mu. Wallahi wata da watanni ban yarda wayata ta mutu ba. Mahaifinta ya ce mu kai ta babban asibiti, na ce a'a mu jira, ai sun ce za su kira. Da muka gaji muka je, likita ya ce da mun zo da wuri da aikin bai kai haka girma ba. Alhamdulillahi ta samu sauƙi, amma har yau ina jin ciwon wannan jiran.

Bilkisu, idan kin je, don girman Allah kada ki ce wa kowa za a kira shi alhali kin san ba za a kira ba. Kukan da zan yi a gabanki na minti biyar ya fi mini sauƙi a kan wannan. Ki ce ba za mu iya ba, ga dalili, ga inda za ki je. Kuma ki taɓa yaron. Wanda ya duba tawa ko hannunta bai riƙe ba.

Anti Rakiya:
Allah ya ƙara mata lafiya Maman Ummi. Bilkisu, ki karanta wannan sau biyu, ya fi duk abin da na rubuta.

Yakubu:
Amin. Ni tafinta na yi, cikin ma'aikatan da ake ɗauka daga gari su zo da safe su koma da yamma. Abin da baƙi da yawa ba su lura da shi ba, amsar daga bakinmu take fita. Nas ta yi magana da Turanci ko Faransanci, mara lafiya ni yake kallo, kuma ni zai gani gobe a hanya bayan ita ta hau jirgi. Shi ya sa tafinta ke jin kamar ya sassauta maganar, ya mayar da ba za a iya ba ta koma sai wani lokaci. Anti Bilkisu, ki zauna da tafintanki tun ranar farko ku daidaita yadda za a faɗi wannan magana, kuma ki riƙa sa mara lafiya ya maimaita abin da ya fahimta kafin ya tashi.

Sai batun alfarma. Za a zo miki da takarda daga wani babba, za a tare tafintanki a gida da roƙo, wani ma dangi ne na jini. Gurbi ɗaya da aka ba wanda bai cancanta ba, an ƙwace shi ne daga wani da ba shi da kowa. Akwai kuma 'yan damfara da ke bin ƙauyuka suna cewa a biya su su sa sunan mutum. A duk taro a maimaita da babbar murya cewa komai kyauta ne, wanda ya nemi kuɗi ɓarawo ne.

Abu ɗaya da har yau ban gamsu da shi ba: idan an ga alamar daji ne, me ya sa ba za a faɗa wa mutum kai tsaye ba? Sau da yawa sai a ce masa wannan ba irin wanda muke iya cirewa ba ne. Ni a ganina wannan ma ɓoye gaskiya ne.

Anti Rakiya:
Yakubu, a nan akwai bambanci. A wurin tantancewa ido da hannu kawai nake da su. Ƙari mai tauri da ya manne, ya girma cikin 'yan watanni, mutum ya rame, akwai kaluluwa a wuya, zuciyata ta riga ta faɗa mini. Amma zato ne, ba gwaji ba. Idan na furta kalmar daji a tsakiyar taro ga mutumin da ya zo shi kaɗai, zai yi doguwar tafiya zuwa gida da ita, kuma watakila na yi kuskure. Abin da nake faɗa shi ne abin da na sani: ina tsoron wannan ciwo ne mai tsanani, ba na tiyata kaɗai ba, kada ka jira, ka je wuri kaza a gwada. Idan kuma an yi gwajin a jirgi sakamako ya fito, to dole a zaunar da shi a keɓe, da wani nasa, a gaya masa ƙarara. Akwai tawagar da ke bin irin waɗannan har gida, suna rage musu zafi, suna wanke rauni, suna koya wa iyali jinya. Ba su isa kowa ba, sai na kusa da tashar.

Yakubu:
Na fahimta Anti, amma wanda ba zai taɓa samun kuɗin gwajin ba fa? Shi ke nan zai sayar da abin hannunsa yana neman magani, bai san abin da ke jikinsa ba.

Dokta Aminu:
Wannan tambayar ba ta da amsa mai daɗi. Ni dai idan alamun sun bayyana sosai kuma mutum ya tambaye ni, ina gaya masa abin da nake zato, in kuma gaya masa zato ne. Amma likita ne ya kamata ya ɗauki wannan nauyin, kada a bar wa nas ko tafinta.

Sadiya:
Ni tambayata daban ce, kuma na san wasu suna da ita a rai. Ƙungiyar ta Kirista ce, ba su ɓoye ba. Musulma za ta iya aiki a ciki ba tare da takura ba? Su marasa lafiya kuma ana duba addininsu?

Anti Rakiya:
Mara lafiya ba a tambayarsa addini don a ba shi gurbi. Sun yi aiki a Gini da Senegal da Saliyo, inda Musulmi suka fi yawa, kuma da gayyatar gwamnatocin ƙasashen suke zuwa. Batun zama a cikin jirgi kuwa, al'umma ce da aka gina a kan imaninsu, akwai taron addu'a da ƙa'idojin zama, kuma sharuɗɗa sun bambanta tsakanin mai zuwa na ɗan lokaci da mai dogon zama. Bilkisu ta karanta ƙa'idojin da kyau, ta tambaye su a rubuce game da salla da sutura da azumi kafin ta amsa. Idan ranta bai kwanta ba, akwai wasu ƙungiyoyin tiyatar agaji a kan tudu da ke bukatar irin hannunta.

Malam Habu:
A kuma gaya mata batun kuɗi. Aikin sa kai ne na gaske, ba albashi. Bisa tsarin da aka san su da shi a da, mai sa kai ne ke nemo kuɗin tafiyarsa, har da gudummawar zama da abinci. Wannan kaɗai ya sa 'yan ƙasashe masu arziki suka fi yawa a manyan gurabe. Ki tambaya ko akwai rangwame ga 'yan Afirka.

Wani abu kuma, ko har yanzu suna tara dubban mutane rana guda? Na tuna a 2011 a filin wasa na Freetown, babban birnin Saliyo, an yi turmutsitsi a ranar tantancewa, mutum ɗaya ya rasu, wasu suka ji rauni.

Anti Rakiya:
Haka aka yi, Allah ya jiƙansa. A shekarun baya-bayan nan tsarin ya karkata ga yin rajista tare da ma'aikatar lafiya, tawaga ta bi garuruwan cikin ƙasa ta ga mutane kaɗan-kaɗan. Ya rage cunkoso, ya kuma kai ga mutanen nesa waɗanda a da na bakin teku ke riga su. Sai dai ki sani Bilkisu, wannan yana nufin kwanaki a mota kan munanan hanyoyi, kina aiki a ɗakin da aka ara a asibitin lardi, nesa da sanyin jirgi. Waɗanda aka ɗauka daga nesa akwai masaukin da ake tanadar musu a gari, inda suke zama kafin tiyata da bayanta.

Nas Bilkisu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan tura takarduna, kuma tantancewar zan nema. Anti, me zan fara koyo tun yanzu?

Anti Rakiya:
Ki nemi izini ki riƙa zama a asibitin masu zuwa su koma na likitocin fiɗa, musamman na fuska da wuya da na ƙashin yara, ki koyi taɓa ƙari da hannunki har ki riƙa bambance mai motsi da wanda ya manne. Idan ƙasar masu Faransanci ce, ki fara darasi yanzu. Da kin sauka kuma, kafin ki ga mutum ko ɗaya, ki samu nas-nas na garin ku rubuta inda ake duba suga da hawan jini, inda ake gwajin tarin fuka, inda ake gashin ƙashi, inda ake gwajin nama, da ranakun da kowanne ke buɗewa da ko ana biya. Ki sa a kira wuraren a tabbatar suna aiki, domin wani sunan yana takarda amma na'urar ta daɗe da lalacewa.

Yakubu:
Ki sa a rubuta wa kowa nasa a 'yar takarda da harshen garin, Anti Bilkisu. Mutumin da aka ce wa a'a ba ya riƙe abin da aka faɗa bayan nan, sai ya isa gida wani ya karanta masa.